Ƙusoshin Malam Shiru

A layin masu gyaran kujeru, bayan tashar mota, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe wadda ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa. Mai shagon, kowa Malam Shiru yake ce masa. Ba sunan yanka ba ne, sana'a ce ta raɗa masa. In ka shiga ka yi sallama, gira zai ɗaga maka. Ka tambayi kuɗin gyara, ya nuna maka da yatsu. Ka nemi ragi, ya girgiza kai ya ci gaba da bugunsa. Baƙo sai ya ɗauka girman kai ne, wasu har sukan koma gida su ce ai mutumin kurma ne. Ba ko ɗaya. Bakinsa ne cike da ƙusa.

Haka ya koyi aikin tun yana saurayi. Ƙananan ƙusoshin nan baƙaƙe da ake kafe yadi da su a jikin katako, tafi guda yake ɗiba ya watsa a baki kamar mai cin gyaɗa, ya tara su a kunci. Daga nan aikin harshe ne. Harshen zai zaɓo ɗaya, ya juya ta, ya turo kanta tsakanin leɓe da haƙoran gaba na ƙasa. Gudumarsa mai maganaɗisu ce, da ta zo kusa da leɓe sai ƙusar ta maƙale mata, tau, ta shige katako. Hannun hagu yana jan yadi, na dama yana bugu, baki yana miƙo ƙusa. Hannu uku ke nan, in ji shi, a ranar da ya ga damar magana. Kafin maƙwabcinsa ya gama gefe ɗaya na kujera, shi ya juya tasa ya kama ɗaya gefen.

Da injin harba ƙusa ya shigo layin, kowa ya saya, ban da shi. Ya ɗauki na maƙwabcin ya jujjuya, ya mayar masa, ya tofar da ƙusoshin bakinsa a tafi don kawai ya faɗi ra'ayinsa: "Wannan ai na ɗinke takarda ne." Ya mayar da ƙusoshin baki. An yi kusan shekara ana maimaita wannan maganar a layin, don ba kullum ake samun jimla guda daga gare shi ba.

Allah kuma da ikonsa sai ya haɗa shi da mace mai magana. Matarsa, 'yan unguwa Rediyo suke ce mata a bayan ido, ita ma ta sani, ba ta damu ba. Takan ce a gidansu an raba aiki, shi ya nemo, ita ta faɗa. Da kujerun nan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya sa su makaranta, ya ga kowa ya kama gabansa. In ya dawo gida da yamma, ko da yake babu ƙusa a bakin, shirun ya riga ya bi jikinsa. Ta ba shi labarin duniya kaf, shi kuma ya ce "uhm" a inda ya dace. Sun fi shekara talatin a haka, kuma zaman lafiya suke yi.

To amma ƙarfe da haƙori ba sa daɗewa suna goga juna a banza. Da farko wata 'yar hanya ce ƙusa ta sassaƙe a haƙoran gaban. Sai dasashi ya fara jini. Sai haƙori ɗaya ya fara girgiɗi, ya fita, na kusa da shi ya bi shi, har huɗu suka tafi. Aka yi masa haƙoran roba, ya riƙa sawa in zai fita, in zai yi aiki ya cire ya ajiye a gwangwanin madara, ƙusa ta ci gaba da bin hanyarta a kan dasashi tsirara. Shekaru kaɗan sai robar ta fara yawo a baki. In ya tauna, ta tashi. In ya yi atishawa, sai ya tare da hannu. Nama ya gagare shi, ya koma burodi jiƙe da shayi da ayaba, wando ya fara zame masa, haɓarsa ta matso kusa da hanci.

Matar tana da ƙane, mahauci ne a kasuwa, mutum mai ƙaton wuya da dariyar da ake ji daga bakin titi. Duk ranar da ya zo gidan sai ya zo da tsoka mai kyau, kuma sai ya tsokani mijin yayarsa. Ranar nan ya tarar da Malam Shiru yana tsotsar romo yana ture naman gefe.

"Yaya, naman nawa ne bai yi ba, ko kuwa injin niƙan ne ya tsaya?"

Malam Shiru ya yi murmushi da baki a rufe. Matar ce ba ta yi dariya ba. Ta dubi wuyan mijinta, yadda ƙashi ya fito, ta ce, "Malam, gobe asibitin haƙori za mu. Kada ma ka ce uhm, ba shawara nake nema ba."

Likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yarsa ba a shekaru, mai sanyin hannu da saurin magana. Ta ce ya hau kujerar duba haƙori. Kafin ya hau sai da ya shafa hannun kujerar, inda ledar ta tsage aka liƙe da salatif, ya danna soson da babban yatsa, ya taɓe baki. Sannan ya kwanta. Aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ta juyo masa da allon kwamfuta ta nuna da biro.

"Baba, ka ga nan? Nan ne haƙoran suke da. Ƙashin muƙamuƙi aikinsa riƙe haƙori. In haƙorin ya tafi, sai ƙashin ya fara janyewa a hankali. Naka ya janye har ya zama kamar bakin cokali. Shi ya sa robar ba ta samun wurin zama. Abin da zai yi maka shi ne haƙoran da ake dasawa, waɗanda ake ɗaura su a kan wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa cikin ƙashi. To amma ina ƙashin?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Katakon ya cinye. Ƙusa ba ta da abin kamawa."

"Yauwa, Baba, ka gama magana. Sai mun fara gina katakon."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da 'yan kwalabe, ta jera su. Ta ce hanya huɗu ce. Ana iya ɗebo ƙashin mutum na kansa daga can bayan muƙamuƙi a kawo gaba, shi ne jiki ya fi saurin karɓa, sai dai ciwo biyu za a yi jinya maimakon ɗaya. Akwai ƙashin ɗan Adam da aka bayar kyauta, aka tsabtace aka adana. Akwai na shanu da aka sarrafa. Akwai kuma wanda ba na kowa ba, a masana'anta ake haɗa shi da irin sinadarin da ƙashi yake da shi.

Matar ta yi caraf ta ce, "Na mutum dai a'a. Ya kwana kusa da ni da ƙashin wani bawan Allah da ban san halinsa ba?"

Likita ta yi dariya ta ce babu hali a ciki, amma ba dole. Malam Shiru ya yi nasa lissafin: ciwo biyu yana nufin daɗewa ba a buɗe shago ba. Na masana'anta kuma ya tuna masa da injin harba ƙusa. Ya sa yatsa a kan kwalbar shanu. Likita ta ce zaɓi ne mai kyau ga irin ramin da yake da shi, yana daɗewa bai narke ba, yana riƙe wuri.

Da labari ya isa kunnen mahauci, sai ya ga ai an shigo fagensa. Ranar da aka sa za a yi aikin, suna zaune a kan bencin jira, sai ga shi da wani abu naɗe a leda a hammata. Ya kwance a gaban mai karɓar kati: ƙashin ƙafar shanu ne, fari tas, an wanke shi har yana ƙyalli.

"A kai wa Likita. Na bijimi ne matashi, ni na zaɓa da hannuna. Kada a sa wa yayana na tsohuwar saniyar da ba a san abin da ya kashe ta ba."

Likita ta fito ta gani, ta dafa bango don dariya. Da ta nutsu ta yi masa godiya sosai, ta ɗauko kwalbarta ta karkaɗa masa. Abin ciki kamar gishiri mai tsakuwa. Ta ce wannan an dafa shi, an ƙona shi, an wanke shi har babu sauran maiƙo ko ɓargo ko wani abu mai rai, sai ɓawon kawai, mai ƙananan ƙofofi kamar soso. Ba shi ne zai zama muƙamuƙin ba. Jinin mutum ne zai shiga ƙofofin, jiki ya bi ya gina nasa ƙashin a kai.

Mahauci ya leƙa kwalbar ya ce, "To ai an kashe masa daɗi." Ya naɗe ƙashinsa ya ce ba asara, romo zai yi.

Aikin bai yi wa Malam Shiru wuya ba. Allurar kashe zafi, sai ƙarar kayan aiki da hannun Likita yana kai da komo. Ta buɗe dasashin, ta cusa farin garin, ta lulluɓe da wata 'yar fata siririya don kada nama ya kutsa ciki, ta ɗinke. Shi yana kwance yana bin aikin a ransa: an cusa, an lulluɓe, an ja, an kafe. Ya ji ta burge shi. Ta ce kada ya sa robar, kada ya tauna komai a wurin, kada ya taɓa da harshe, ya riƙa kurkure baki da maganin da ta ba shi. Wata shida ko fiye, sannan a duba.

Ya bi doka tsaf. Ya sha madara, ya sha romo, aka cire zare, kumburi ya saɓe. Ya koma shago da niyyar ɗaukar ƙusa ɗaya-ɗaya daga faranti. Sai dai wanda ya saba da hannu uku, in aka bar shi da biyu, ji yake kamar an ɗaure shi. Ya saki yadi ya ɗauki ƙusa, yadi ya saki. Ya ja yadi, ƙusa ta faɗi. Kujerar da yake gamawa kafin azahar ta kai shi la'asar. Ana cikin haka wani otal ya aiko da kujerun ɗakin cin abincinsa gaba ɗaya, mota guda, ana so da wuri.

Bai ma san lokacin da hannunsa ya yi ba. Ɗanɗanon ƙarfe kawai ya ji a baki, irin wanda ya fi sani fiye da ɗanɗanon shayi. Ya tsaya. Ya kamata ya tofar, ya sani. Amma sai ya ce a ransa, ai ciwon a gaba yake, bari in tara su can cikin kunci, in riƙa fito da su ta gefe. Dabara ce mai kyau, sai dai ba a yi shawara da harshe ba. Harshen da ya fi shekara talatin yana bin hanya ɗaya, ita kaɗai ya sani. Ƙusa ta farko ta bi gefe, ta biyu ta bi gefe, da aiki ya yi zafi sai suka koma tsohuwar hanyarsu, daidai kan ɗinkin Likita.

Ya gama kujerun otal a kan lokaci, har aka yaba. Bayan 'yan kwanaki haɓa ta kumbura, ta yi zafi. Wata safiya ya kurkure baki ya tofar, sai ya ga fararen tsakuwoyi a cikin kwatami, kamar yashi. Matar tana tsaye a bayansa da tawul. Ba ta ce komai ba, kuma a iya saninsa wannan ne karo na farko.

Likita ta duba ta daɗe. Ta ce fatar da ta lulluɓe ta huje, ƙwayar cuta ta shiga, dole a kwashe abin da aka zuba. Ta tambaye shi ko ya tauna wani abu. Ya ce a'a. Ko ya sa robar. A'a. Ko yana shan taba a ɓoye. Matar ta ce, "Likita, taba kam ba ya sha. Ƙusa yake sha."

Sai da aka yi mata bayani sau biyu. Ta ajiye abin hannunta ta ce ya nuna mata. Ya kwaikwayi yadda yake yi, hannu zuwa baki, baki zuwa guduma, guduma zuwa katako, da sauri har ido ba ya bi. Ta ce ta tambayi marasa lafiya abubuwa da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa tunanin ta tambayi wani ko yana ajiye ƙusa a baki ba. Daga nan ta gyara zama, dariyar ta ɗauke.

"Baba, ka ji ni da kyau. Ciwon nan ya ƙara cin ƙashin, abin da ya rage bai kai na da ba. In wurin ya warke zan sake gwadawa, amma wannan karon garin shanu shi kaɗai ba zai isa ba. Sai na ɗebo naka daga baya, mai rai, in gauraya da na masana'anta don ya ƙara auki. In wannan ma ya lalace, ba zan yi na uku ba, babu inda zan ɗora shi. Ka koma roba da burodi jiƙe har ƙarshen rayuwa. Kuma ba hutun wata shida nake nema wa bakin nan ba. Ya yi ritaya daga aikin ƙusa, har abada. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu, kada in yanka ka a banza."

Malam Shiru ya dubi hannun kujerar mai salatif, ya dubi matarsa. Ya ce, "Ki yanka. Zan iya."

Ya faɗa ne da gaske, kuma bai jira an yi aikin ba ya fara shiri. Ya je wurin mai gyaran rediyo ya karɓo maganaɗisun tsohuwar lasifika, ya ɗinke shi cikin wani yankin leda, ya yi masa maɗauri ya ɗaura a wuyan hannun hagu. Ƙusoshi suka maƙale a kai kamar bushiya. Guduma ta zo ta ɗauka daga nan. Ya gwada, ya kwance, ya rage wa maganaɗisun ƙarfi da ƙarin leda don ya riƙa sakin ƙusa, ya sake gwadawa. Abin ya yi. Bai kai saurin baki ba, amma ya fi faranti nesa ba kusa ba.

Aka yi aiki na biyu, ciwo biyu kamar yadda aka faɗa, gaba da baya. Ya yi jinyarsa, ya koma shago. Nan ya gane cewa samun inda za a ajiye ƙusa ba shi ne matsalar ba. Hannun dama ne. Da hankalinsa ya tafi kan aiki, sai hannun ya ɗebi ƙusa daga kwali ya nufi baki, shi kaɗai, ba da izini ba. Likita ta ba shi takunkumi irin nasu na asibiti. Hannu ya zo ya ci karo da ƙyalle, ƙusoshi su watse a ƙasa, ya duƙa yana tsinta. Amma shagon kwano ne, da rana ta take sai ya ja takunkumin ƙasa don ya sha iska, ya manta bai mayar ba.

Matar ce ta gano maganin, ranar da ta kawo masa abinci. Tana tsaye tana tambayarsa wani abu game da famfon gida, ta ga hannun ya taso da ƙusa, ya zo daidai leɓe, ya tarar bakin yana motsi, ya koma. Ta yi shiru tana kallo. Hannun ya sake tasowa. Ta yi maza ta sake jefa masa tambaya, ya amsa, hannun ya koma.

Washegari ta zo da kujerarta 'yar tsugunne da kwandon saƙarta, ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, wannan kujerar ta waye?"

"Uhm."

"Uhm ba amsa ba ce. Mai ƙusa a baki ma yana iya uhm. Ta waye?"

"Ta wani direba."

"Me ya karya ta?"

"Surukarsa ce ta zauna."

"To, sai aka yi yaya?"

Da farko kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, kalma ɗaya, a huta, kalma biyu. Amma ita ba ta gajiya da tambaya, sana'arta ce. Sannu a hankali abin ya fara zuwa da kansa. Ashe mutumin nan duk shekarun da ya yi shiru, kunnensa a buɗe yake. Mutane sun yi ta magana a gabansa kamar a gaban bango. Ya san wanda ya kawo kujera gyara don ya ɓoye wa matarsa cewa shi ya ƙona ta da dutsen guga. Ya san abin da ake samu a cikin kujeru in an farke su: cokula, 'yan kunne ɗaya-ɗaya, makullin motar da aka yi wata ana zargin yara a kansa, har da wani kifi busasshe da har yau bai gano yadda ya shiga ba. Kuma ya iya kwaikwayon muryar kowa. Matar ta yi dariya har saƙarta ta warware. Maƙwabcin mai injin harba ƙusa ya leƙo ya ga wa ke magana, ya tsaya baki buɗe. Kafin wata biyu, in rana ta yi sanyi, benci ba ya isar masu sauraro.

Sai 'yarsu ta tsakiya ta haihu a wani gari, dole uwar ta tafi ta zauna da ita. Tana haɗa kaya tana ja masa kunne. "Malam, ka rufe shagon nan har in dawo." Ya ce ba zai rufe ba, akwai aikin mutane. Ta ce to ya sa takunkumi. Ya ce zai sa.

Bayan tafiyarta, wata rana aka yi zafi, layin ba kowa, maƙwabcin ya tafi sayen soso. A gabansa wata tsohuwar kujera ce mai zaman mutum uku, irin mai maɓallai a baya, wadda sai an ja yadin da ƙarfi an kafe da sauri kafin ya saki. Aikin da yake so ke nan. Takunkumi ya jiƙe da gumi, ya ja shi ƙasa. Ya ja yadi, ya buga, ya ja, ya buga, jikinsa ya ɗauki tsohon kiɗan. Sai ya ji sanyin ƙarfe a leɓensa.

Tafinsa cike da ƙusa, ya riga ya taɓa baki. Leɓen ma ya fara buɗewa. Ba kowa a wurin, ba mai gani, kuma wani abu a ransa yana ce masa sau ɗaya dai, ai ɗinkin ya daɗe da warkewa. Ya tsaya a haka, yana jin harshensa yana shirin karɓa. A ƙarƙashin harshen nan kuwa akwai ɗan tudun da Likita ta gina da ƙashinsa na baya, wanda ta ce babu na uku.

Ya dubi kujerar ya ce da ƙarfi, "Ke kuma, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Hannun ya sauka. Ya zuba ƙusoshin a kan maganaɗisu ya ci gaba. "Dubi cikinki. Wani ya cusa miki tsumma ya karɓi kuɗin soso. Ba komai, kin zo gida. Juyo nan. A'a, kada ki saki, ni ma haƙuri nake yi." Haka ya yi ta yi mata hira, yana tambaya yana ba kansa amsa, har ya kai maɓalli na ƙarshe. Maƙwabcin ya dawo da soso a ka, ya tsaya a ƙofa ya saurara, ya lallaɓa ya kira mahauci a waya ya ce ya zo, mijin yayarsa ya fara magana da kujeru.

Mahauci ya zo da gudu, ko wuƙar ɗamararsa bai ajiye ba. "Yaya, lafiya? Da wa kake?"

"Da kujerar nan mai zaman mutum uku. Ta fi ka hankali, ba ta katse ni. Zauna in ba ka labarin ranar da ka kai wa Likita ƙafar bijimi, don na ga kamar ba ka san yadda ka yi kyau ba."

Da lokaci ya cika aka sake ɗaukar hoto. Likita ta juyo da allon, ta sa tsohon hoton a gefe. Inda da yake kamar bakin cokali, yanzu tudu ne fari mai kauri. Ta ƙwanƙwasa allon da biro ta ce, "Baba, ga katakonka." Ta murɗa 'yan ƙarafa biyu a ciki, suka kama gam. Aka sake jira, sannan aka ɗaura haƙora huɗu a kai. Ta miƙa masa madubi. Ya daɗe yana kallo, ya taɓa haɓarsa da ta koma wurinta. Sannan ya fara yi mata bayanin abin da ke damun hannun kujerarta, da irin ledar da ta dace, da dalilin da ya sa salatif ke ƙara tsaga ta, da labarin wani mai asibiti da ya taɓa kawo masa irinta. Mai karɓar kati ta leƙo sau biyu ta ce akwai masu jira. Ranar hutun asibitin ya zo da kayan aikinsa ya gyara hannun kujerar, da maganaɗisu a wuyan hannu.

Mahauci ya kawo tsoka ranar da aka ce ya fara tauna. Aka zauna, aka zuba masa ido. Ya ɗauki yanka guda, ya kafa haƙoran gaba, ya ja, naman ya rabu. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce naman ya yi, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa, kuma hakan ya tuna masa da wani mai gidan abinci da ya taɓa kawo kujeru goma sha biyu duk ƙafa ɗaya ta gutsure.

Matar ta buɗe baki za ta ce wani abu, ya ɗaga mata hannu. "Tsaya mana, maman yara, ban kai wurin daɗin ba."

Ta juya ta dubi ƙanenta. "Ka gani ko? Tun safe nake neman in gaya masa famfo ya sake lalacewa. Ban samu layi ba."

Sunan dai bai canza ba. Har yau in baƙo ya shigo layin ya tambayi shagon Malam Shiru, sai a ce masa ya miƙe, in ya ji inda ake surutu, nan ne.